Injiniya da Gidan Ƙetaren Tafki

Sunan Injiniya da ba'a ya fara. Yana ɗan koyo a shagon yayansa, wata rana ya kwance wani tsohon keken ɗinki gaba ɗaya ya mayar da shi, sai ga ƙananan noti biyu sun yi saura a tafin hannunsa, keken kuwa yana ɗinki sumul. Yayan ya dubi notin, ya dubi yaron, ya ce, "Sannu Injiniya. Ka fi waɗanda suka ƙera shi sanin abin da yake buƙata." Telolin layin suka kwashe da dariya, suna ya bi shi. Yau ga shi furfura ta ci gefen kansa, ya tasar wa hamsin, har matarsa in tana son tsokanarsa da sunan take kiransa.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, bai taɓa yin wata ba. Ba ya buɗe keke sai ya ji kukansa. Zai sa ƙyalle a ƙarƙashin allura, ya taka, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan bango, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki sukundireba. Yatsunsa kullum warin man keke suke yi, ko da ya wanke da sabulu. Mutum ne marar hayaniya, ba ya dogon ciniki, kuma kalmar a'a nauyi take yi masa a baki. In tela ya kawo masa keken da ya mutu murus, ba zai ce ya mutu ba. Cewa zai yi, "Bar shi tukuna mu gani," keken ya yi ta zama a bayan shago har mai shi ya gane da kansa.

Shagon yana ƙasan wani tsohon bene, gidan kuma a sama: ɗaki uku da ɗan falo, da tagar kicin da ke kallon bayan wani gareji. A ciki akwai shi, da matarsa wadda ke koyar da ƙananan yara, kowa Malama yake ce mata, da 'ya'yansu mata biyu. Babbar ana kiranta Lauya saboda musu, ƙaramar Auta. Sai kuma Yaya.

Yaya ya zo ne bayan rasuwar matarsa, wai ya ɗan huta kafin ya san inda zai nufa. Lokacin Lauya tana goye. Yanzu ta kusa gama sakandare. An ba shi ɗakin da ya fi iska saboda baƙo ne, ɗakin bai sake dawowa ba. Da hannunsa ya fara rawa har zura zare ya gagare shi, sai ya sakar wa ƙanensa shagon. Shagon kam ya saki, kujerar ce bai saki ba. Kowace safiya zai sauko ya zauna a bakin ƙofa da kofin shayinsa, duk wanda ya shigo shi yake fara gaisarwa, shi yake kora wa bayanin abin da ke damun kekensa, Injiniya na sunkuye a gefe yana aikin.

"Yaro, ba nan ba ne. Ƙoshiyar zaren ƙasa ce," Yaya zai ce, a gaban mai kaya.

Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa ƙoshiyar ce ɗin.

A sama ma haka. Tashar da Yaya ke so ita ake ji a rediyo. In Lauya za ta je gidan ƙawarta, ubanta zai ce to, sannan ta je ta tambayi Baffa, don ta san wace amsar ce mai aiki. Kuma babu wanda zai iya cewa Yaya mugu ne. Shi ya bar makaranta ranar da mahaifinsu ya rasu, shi ya riƙe ƙanen, shi ya sa masa sukundireba a hannu, shi ya shige gaba aka nema masa aure. Injiniya bai taɓa musun ko ɗaya ba. Abin da bai taɓa samu ba kawai shi ne gidan da in an yi sallama shi za a tambaya.

Ana haka mai benen ya sayar da shi ga wasu da za su rushe su yi shaguna na zamani. Aka ba 'yan haya wa'adi. Injiniya ya yi ta zagaye cikin birni, ko'ina ya ji kuɗin haya sai ya yi murmushi ya ce zai dawo. Wani tela ne ya ba shi shawarar yankin tafkuna, tafiyar rabin yini a mota. Wata masana'anta ta rufe a can, ma'aikata sun watse, gidaje sun yi arha har masu su na roƙon a shiga don kada su lalace.

Wani abu guda ya kamata a sani a nan. Yaya ba ya hawa ruwa. Yana saurayi kwalekwale ya kife da su, shi ya fita, abokinsa bai fita ba. Tun daga nan ko gada mota za ta hau sai ya runtse ido, bakinsa na motsi, har ya ji tayoyi sun koma kan ƙasa. A gidan ba a zancen, kamar yadda ba a zancen rawar hannunsa. Don haka da Injiniya ya ce zai je duba yankin tafkuna, Malama ta ɗago ta kalle shi, ta ce za ta raka shi.

Dillalin da ya tarbe su a tasha gajere ne mai tarin makullai a ƙugu, bakinsa ba ya hutawa. Gida na farko da ya kai su yana bakin babban tafki, a kan titi, mota na tsayawa har ƙofa. Ɗaki uku, falo mai faɗi, ga wani ɗakin a gaba mai ƙofar ƙarfe, kamar don shago aka gina shi. Makarantar firamare na bayan layin, ana jiyo hayaniyar yara. Kasuwa ba nisa, kuma a hanya sun wuce layin teloli guda.

"Oga, wannan ai da sunanka aka gina shi," in ji dillali. "Madam, ki duba kicin ɗin nan. In kika buɗe taga kifi ma zai iya faɗowa cikin tukunya."

Malama ta buɗe famfo, ruwa ya zo. Ta taka ƙasa, ta duba silin, ta leƙa banɗaki. Ta shiga ɗaki na uku ta tsaya, ta ce, "Wannan ya yi wa Yaya. Ba ya kallon ruwa, titi yake kallo."

Injiniya ya ƙwanƙwasa bango ya ce kamar akwai danshi. Ya ce ƙarar motoci za ta hana barci, shi da ya yi rayuwarsa a bayan gareji. Ya ce ƙofar shagon tana cijewa. Dillalin ya ja ta da yatsa ɗaya, ta buɗe.

"Babu wani?" Injiniya ya tambaya.

"Akwai, amma ba na mutum mai iyali irinka ba ne. Ƙetaren ƙaramin tafki ne. Sai an hau jirgi."

"Mu gani."

Jirgin fito ne mai faɗin ciki, da inji a baya, yana ɗaukar mutane da buhuna da babura. Ƙetaren kuwa 'yar unguwa ce ta masunta da tsofaffin ma'aikatan masana'anta, tudun dutse ya tokare ta ta baya, babu hanyar mota ko ɗaya. Gidan yana da tsabta, ba laifi, amma ɗaki biyu ne da falo, kuma duk tagar da ka buɗe ruwa ne a gabanka. Injiniya bai ƙwanƙwasa bango ba. Ya tsaya a tsakar falo, hannu a baya, ya ce iskar wurin ta yi masa. Ya tambayi dillali sau biyu, cikin muryar wanda ba abin ya dame shi ba, ko da gaske babu wata hanya ta baya.

"Sai dai akuya, Oga."

A hanyar dawowa suka zauna a bencin gaba, nesa da dillali. Injin na ƙara, don haka Malama ta matso kusa da kunnensa.

"Baban Lauya, tambaya ɗaya zan yi maka. Yaushe ka fara son ruwa?"

"Ruwa ai kowa na so."

"Kai da ko wanka sai an tuna maka?"

"Gidan ya fi sauƙi, Malama."

"Da kaɗan. Kuɗin jirgi zai cinye bambancin, ka sani na sani."

"Wuri mai danshi kekuna na yawan tsatsa. Aiki ne a gare ni."

"Tela nawa ka gani a can?"



"Ni ɗaya na gani," ta ce, "shi ma raga yake faci." Ta gyara mayafinta da iska ke ja. "Don Yaya ne, ko ba haka ba?"

Ya zuba wa ruwan ido. Can ya ce, "Ni ban ce kada ya zo ba."

"Ai shi ne. Ba ka ce ba. Ka je ka samo tafki guda ya faɗa maka." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Injiniya ke nan. Ka san wa za a ce ta yi? Ni. Danginku ba za su ce ƙanensa ya gaji ba, cewa za su yi matar ce ta raba su. Shekara da shekaru ina dafa tukunya biyu saboda hawan jininsa, a ƙarshe ni ce muguwa. Ni ma na gaji, ban ɓoye maka ba. Amma in ka gaji ka buɗe baki. Mu kama na bakin titi, a nema masa ɗaki a layin, ya riƙa zuwa cin abinci. Ka zaunar da shi ka gaya masa, ba zai mutu ba."

"Bari tukuna mu gani," ya ce.

Bayan 'yan kwanaki ya koma shi kaɗai, ya dawo da makullin gidan ƙetare a aljihu. Malama ta ga makullin a kan tebur, ta ci gaba da duba littattafan yara.

A shago ya gaya wa Yaya, da rana, yana sunkuye a kan wani keke don kada su haɗa ido.

"Yaya, an samu gida."

"Madalla. A ina?"

"Ƙetaren ƙaramin tafkin."

Kofin ya ɗan yi ƙara a kan faranti. "Da gada?"

"Babu gada."

"Mota na zagayawa?"

"Dutse ne ta baya."

"Ɗaki nawa?"

"Biyu." Ya share makogwaro. "Shi ne mai sauƙin. Na yi waya da ƙanwarmu, ta ce ɗakin da kake sauka in ka je mata yana nan."

Yaya ya daɗe yana kallon titi. Mai lemo ya wuce da kurarsa, wata mota ta yi hon. Injiniya ya jira faɗa, ya jira a tuna masa makarantar da aka bari dominsa. Ya ma shirya amsa. Amma Yaya "To" kawai ya ce, sannan ya nuna da haɓa. "Allurar nan a karkace ka sa ta."

Ranar tashi aka yi hayar babbar mota. Yaya ya zauna gaba kusa da direba, akwatinsa da kujerarsa a can ƙarshen kaya. Kowa ya ɗauka zai raka su ne har bakin ruwa, sannan motar ta wuce da shi wurin ƙanwarsu, don garin yana kan hanyar komawa. Babu wanda ya faɗi haka da baki. Auta ma, da ba ta iya riƙe magana, ranar ta riƙe.

A tashar jirgi masu dako suka yi ta jidar kaya: katifu, tukwane, kawunan kekuna a naɗe cikin tsofaffin barguna. Da suka zo kan akwatin ƙarshe, na Yaya, Injiniya ya ce, "Bar wannan."  Yaya, wanda ya riga ya sauko yana tsaye ya ba ruwan baya, ya ce, "Sauke shi. Da kujerar."

Mai dakon ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya bi maganar mai furfurar da ta fi yawa.

Aka gama lodi. Malama da yaran suka shiga. Injiniya ya shiga, ya dukufa gyara zaman kekuna waɗanda ba su buƙatar gyara. Saura Yaya. Ya juyo, ya tako har bakin katakon da aka shimfiɗa tsakanin gaɓa da jirgi, ya tsaya. Ƙafafun wandonsa na karkarwa, kowa na gani. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Baba, shigo mana," in ji mai fito, wani ƙato mai tsohuwar hula. "Ruwan yau kamar tabarma. Ko jariri sai ya yi barci."

Wata mata mai kwandon kifi ta ce, "Ku ba shi hannu mana, ba ku ga tsoho ba ne? Ina 'ya'yansa?"

"Baffa," Lauya ta ce, daga nan ta kasa ƙarawa, ita da ba ta taɓa rasa ta cewa ba.

Injiniya ya miƙe, ya tsallake katifa, ya miƙa hannu.

Me ya sa? Shi ne ya nemo ruwan nan, ya biya kuɗinsa, ya tambayi dillali sau biyu. Da ya ci gaba da sunkuyawa kaɗan, mai fito zai gaji ya janye katako, shi ke nan an gama, babu wanda ya ce wa kowa komai. Mai yiwuwa idon mutane ne, da matar nan mai kifi. Mai yiwuwa kuma bai taɓa shirya wa ganin abin da idonsa ba. A lissafinsa Yaya zai ji labarin ruwa ne daga nesa ya janye cikin mutunci, ba wai ya zo ya tsaya a bakin katako yana rawa a gaban baƙi ba. Shi kuma Yayan ba ƙauna ce kaɗai ta kawo shi nan ba. Ya gane saƙon tun a shago. Abin da ya ƙi shi ne ya karɓe shi daga bakin tafki. In yaron da ya raina yana son rabuwa da shi, to ya dube shi ya faɗa.

Yaron bai faɗa ba. Ya riƙo shi, ya jawo shi ciki.

Yaya bai zauna a benci ba. Ya durƙushe a ƙasan jirgi tsakanin akwatuna, ya ja wani labule daga cikin kaya ya rufe kansa, ya damƙe idon sawun ƙanensa da hannu biyu. Hannun nan da ba ya iya riƙe allura, ranar sai da ya bar shaida a fata. Duk lokacin da jirgin ya ɗan karkata sai a ji wani sauti daga ƙarƙashin labulen, irin wanda ba a son yara su ji daga bakin babba. Malama ta juyar da kan Auta wajen tsuntsaye. Mai fito ya rage gudu ba tare da an roƙe shi ba.

Da suka isa, da rarrafe ya fita. Ya yi amai a gindin wani turke, aka ba shi ruwa ya kurkure baki, aka kafa masa kujerarsa a kan yashi. Ya sa aka juya ta ta kalli dutse. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya ɗago.

"Yaro."

"Na'am, Yaya."

"Na iso."

"Sannu, Yaya."

"Ka dube ni da kyau. Wannan shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Wanda zai sake ɗora ni a kan ruwan nan, sai dai in ba na numfashi." Ya goge baki da hannun riga. "Wanne ne gidan?"

Ɗaki biyu ne, don haka rabon bai ɗauki lokaci ba. Yaya ya ɗauki ɗaya, aka rataya bargo a tagarsa don kada ya ga ruwa. Injiniya da Malama suka ɗauki ɗayan. 'Yan matan suka koma falo, kowace safiya sai an naɗe katifa kafin a sami wurin shan shayi. Lauya ta ce a tsohon gida aƙalla tana da ƙofar da za ta buga in ta yi fushi.

Tunda babu teloli a ƙetare, Injiniya ya kama 'yar rumfa a kasuwar bakin titi. Kullum su huɗu suke hawa jirgin safe, shi zuwa rumfa, Malama zuwa makarantar nan ta bayan gidan da suka ƙi, yaran zuwa tasu. A rumfar, karo na farko a rayuwarsa, wanda ya shigo shi yake gaisarwa. Babu mai ce masa yaro. Telolin wurin sun yarda da hannunsa, aiki na zuwa daidai gwargwado. Wannan kam ya samu, kuma ba ya musun yana jin daɗinsa.

Yaya kuwa yini yake shi kaɗai a bayan gida, a kujerarsa, yana fuskantar dutse. Ya rame kaɗan. Ziyarar da yakan kai wa ƙanwarsu, wadda a da take ba gidan ɗan sararin numfashi, ta ƙare. In jininsa ya hau sai dai a ɗauko ma'aikacin asibiti a ƙetaro da shi. Dangi sun yi ta waya suna sa wa Injiniya albarka, wai ƙane na gari ke nan, ko bayan ruwa bai bar ɗan'uwansa ba. Malama takan miƙa masa wayar ta fita.

Da shekara ta kusa zagayowa, dillalin ya biyo ta rumfa da makullansa, ya ce waɗanda suka kama gidan bakin titi sun tashi, in Oga na so. Injiniya ya kawo zancen da yamma ana cin abinci, a hankali, yana kallon kwanonsa. Ya ce ɗaki uku ne, ga shago, ga asibiti kusa. Malama ta ajiye cokali. 'Yan matan suka daina tauna.

"Gida mai kyau ne, na ji labarinsa," in ji Yaya. "Ku je abinku. Ku bar mini rediyo."

"Haba Yaya, ya za a yi mu bar ka a nan kai kaɗai?"

"To, ka ji ke nan."

Washegari Injiniya ya je wurin mai gidan ƙetare ya sabunta haya. A hanyar dawowa ya tsaya wurin kafinta, ya tambayi yadda za a yi a raba falon biyu da katako.